Jiki Magayi: Wa Ya Kashe Malam Shehu?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na nazarin littattafan Hausa. Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Autan Bawo, na cikin garin Rano da Rurum da Saji da Lausu da Zurgu, da 'yan'uwanmu na Kibiya da Tarai da Fammar da Durba da Kahu, har zuwa Bunkure. Ɗalibai masu shirin jarrabawar fita sakandare, ku matso kusa da rediyo, ku ɗauko biro da takarda. Iyaye kuma kada ku ce fili ne na 'yan makaranta ku murɗa tasha, domin rabin maganar yau taku ce.

Littafin da muka ɗauko yau ɗan ƙarami ne, mai saurin karatu zai iya gama shi tsakanin azahar da magariba. Sunansa Jiki Magayi. Da yawa daga cikinku sun karanta shi a makaranta, wasu kuma sunan kawai suka sani. An yi kisan kai a cikinsa, kuma ba a ɓoye wanda ya yi ba: ɗa ne ya kashe ubansa, Malam Shehu. Duk da haka, tambayar da nake so mu riƙe har mu tashi ita ce, wa ya kashe Malam Shehu? Kada ku yi gaggawar amsawa.

Bari mu fara share fage. In an ce labarin aikata laifi, yawancinmu abin da ke zuwa mana shi ne wanda ake tsintar gawa a shafin farko, sai a saki ɗan sanda ko wani mai bin diddigi ya yi ta bin sawu, mai karatu na biye da shi, har a shafin ƙarshe a cafke mai laifi. Irin wannan ne labaran Shalok Homs, wanda marubucin Birtaniya Arthur Conan Doyle ya fara fitowa da shi a 1887. Daɗinsa yana ga ɓoye sirri. Da zarar ka san wanda ya yi, shi ke nan an gama da kai, da wuya ka koma ka sake karantawa.

Amma akwai wani irin da ba ruwansa da ɓoye mai laifi. Tun da wuri zai nuna maka shi, ya ce ga shi nan, sannan ya kama hannunka ya shigar da kai cikin zuciyarsa, ka ga abin da ke tafasa a ciki kafin aika-aika da bayanta. Mashahurin misali shi ne littafin marubucin Rasha Dostoyebski na 1866, wanda sunansa ke nufin Laifi da Hukunci. Wani ɗalibi matalauci ne ya kashe wata tsohuwa mai ba da bashi kan jingina, ya haɗa da 'yar'uwarta. Tun farkon littafin an gama kisan, a gaban idon mai karatu. Sauran ɗaruruwan shafukan duk a kan abu ɗaya suke tafiya: yadda barci ya ƙaurace masa, yadda zazzaɓi ya rufe shi, yadda yake zargin duk wanda ya dube shi, har ya kai kansa ga hukuma da ƙafarsa. A irin wannan labari ba a tambayar wa ya yi. Tambayar ita ce me ya kai shi, kuma me abin ya mayar da shi.

Wani zai ce ai wannan sai Turawa. A'a, muna da namu, kuma ya kai kimanin shekara casa'in a hannunmu.

A 1933 Dakta Rupert East, wanda ke jagorantar hukumar fassara da talifi a Zariya, ya zaga ƙasar Hausa yana kwaɗaitar da malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar da har yau ake kira tubalan farko: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi, wanda John Tafida, mutumin Wusasa, ya rubuta tare da shi East ɗin. In ka jera su za ka ga na biyar ɗin ya fita daban. Ruwan Bagaja yawon duniya ne da barkwanci. Ganɗoki yaƙi ne da jarunta da aljannu. Shaihu Umar zamanin bauta ya kai mu. Idon Matambayi ɓarayi ne da dabarunsu. Shi kuwa Jiki Magayi cikin gida ya shiga, ya ɗauko mutum uku, huɗu, irin waɗanda kowa ya sani a unguwarsu, ya nuna yadda abin da ke cikin ƙirjin ɗaya ya rushe gidan ɗaya.

Ga labarin a taƙaice. A garin Galma akwai wani attajiri, Malam Shehu. Allah Ya ba shi dukiya, Ya ba shi mata, bai ba shi haihuwa ba. Sai ya yi mafarki cewa in ya auri wata yarinya Zainabu zai sami ɗa. Ita kuwa Zainabu tana da saurayinta, Abubakar, sun daɗe suna son juna. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure da Malam Shehu. Abubakar ya sha alwashin sai ya rama. Ya bar gari, ya shiga uwa duniya neman asirin da zai cika masa buri, ya sha baƙar wahala a hanya. A can gida kuwa mafarki ya tabbata, Zainabu ta haifi ɗa namiji, ana kiran sa Kyauta. Abubakar ya dawo da abin da ya samo, kuma bai nufi Malam Shehu da shi ba, yaron ya nufa. Kyauta ya tashi ɓarawo. Ya zubar da mutuncin gidansu, ya bi duniya, ya faɗa hannun waɗanda suka fi shi iya sata. Kunya ta hana iyayensa zama inda ya bar su. Wata rana ya shiga wani gida sata, mai gida ya rasa ransa a hannunsa, sai daga baya ta bayyana cewa mahaifinsa ne.

Abin da ya biyo bayan wannan ba zan faɗa ba. Ku nema ku karanta.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da filin nazarin littattafan Hausa, muna kan Jiki Magayi. Ɗalibai, yanzu za mu shiga abin da malamanku ke kira zubi da tsari, wato yadda marubuci ya jera al'amuran labarinsa ya ƙulla su.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai tufka igiyar rama ya ga yadda ake yi. Zare ɗaya ba ya ɗaure ko akuya. Sai an haɗa biyu ko uku, ana murzawa a cinya, wannan ya hau kan wancan, har ta kai ba ka iya cewa ga inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Haka zubin wannan littafi yake. Zare na farko ƙishirwar haihuwa ce da ke damun Malam Shehu. Na biyu ƙullacin Abubakar. Na uku tashin Kyauta. Tun shafukan farko aka fara murza biyun farko, na ukun ya shigo a tsakiya, kuma daren kisan nan ne wurin da aka ɗaure bakin igiyar.

Ga wata dabara da za ta taimake ku a kan kowane littafi. Ku rubuta manyan abubuwan da suka faru, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, sannan ku gwada sa kalmar “saboda haka” a tsakaninsu. A tatsuniya “sai” ake tafiya da ita: sai Gizo ya tafi, sai ya gamu da kura, sai ya dawo. Ana iya cire wani yanki a sa wani, ba abin da zai lalace. A ƙagaggen labari mai ƙarfi kuwa, kowane abu shi ke haifar da na gabansa. Malam Shehu ba shi da ɗa, saboda haka ya riƙe mafarkinsa da hannu biyu. Saboda haka ya shiga neman da ba nasa ba. Saboda haka Abubakar ya ƙullace shi. Ku ci gaba da haka har ƙarshe. Duk inda “saboda haka” ta ƙi zama, to kun gano inda zubin ya yi rauni.

Wurin da masu nazari za su iya tuhuma shi ne daren kisan. Za su ce, duk gidajen duniya a rasa wanda Kyauta zai faɗa sai na ubansa? Ai wannan dace ne kawai marubuta suka ƙaƙalo don su girgiza mu. Ni ban yarda da wannan tuhuma gaba ɗaya ba. Me ya raba uban da inda ɗansa ya san shi? Abin kunyar ɗan ne. Me ya sa ɗan bai san halin da iyayensa ke ciki ba? Satar ce ta raba shi da gida. Wane gida ɓarawo ke nema? Na mai abin hannu. Kun ga ashe hanyoyin nan biyu daga tushe ɗaya suka fito, ba abin mamaki ba ne in sun sake gamuwa. Akwai dace a ciki, ban musa ba, amma dace ne da aka share wa hanya. Tsoffin Girkawa ma suna da wasan kwaikwayo na Odifus, wanda ya kashe ubansa bai san shi ne ba, kuma fiye da shekara dubu biyu ana nazarinsa.

Inda ni nake ganin littafin ya ɗan saki hanya shi ne tafiyar Abubakar neman asiri. A nan ya karkata zuwa salon labaran da, na daji da bokaye da abubuwan al'ajabi. Amma ko a nan akwai abin lura, za mu dawo kansa.

Wani abu kuma game da zubi: daga ina fargabar mai karatu take fitowa, tunda ba a ɓoye masa komai ba? Daga nan take fitowa, daga rashin ɓoyewar. Kai mai karatu ka san abin da aka yi wa Kyauta, Malam Shehu bai sani ba. Ka ga ramin, ka ga mutum ya doshe shi, ba ka da bakin da za ka ce masa tsaya. Wannan ya fi a ɓoye maka sirri tayar da hankali, kuma shi ne babban makamin marubutan irin wannan labari.

To, mu shiga zuciyar Abubakar, domin a nan littafin yake.

Mu da ke wannan yanki mun san yadda neman aure yake a garuruwanmu. Saurayi zai shekara biyu, uku, yana zuwa zance. Ranar kasuwa ya sayo sabulu da man shafawa da ɗankunne, ya ƙulle a leda ya ba ƙanwarta ta kai mata. Da damina ya gayyato abokansa su yi wa uban yarinya noma, su tashi da la'asar jiki duk ƙasa, ladansu kwanon fura da “Allah Ya yi albarka”. Da kaka ya sayar da buhun gyaɗa ya kai toshin salla. Duk gari an san wance ta wane ce. Rana ɗaya sai a ga mota a ƙofar gidan. Bayan mako biyu a turo wani dattijo da ƙullin kaya. Ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya yi ta gaisuwa yana maimaitawa, ya tambayi gona ya tambayi dabbobi, can dai ya tura ƙullin gaban uban saurayi ya ce, “Sai haƙuri, Malam, matar mutum kabarinsa.” Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. An mayar da sabulu, an mayar da kuɗi har da na goro. Noman da aka yi fa? Shekara ukun fa? Kallon da yaron zai sha gobe a majalisa fa? Waɗannan ba mai mayarwa.

Saboda haka duk wanda ya karanta farkon littafin nan ya ji tausayin Abubakar, bai yi kuskure ba. An cuce shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya shiga neman aure a kan neman ɗan'uwansa, kuma ba a banza aka hana ba. Samari da yawa an yi musu haka. Akasarinsu sukan yi kwana da kwanaki ba sa cin abinci, wasu su tafi cin rani Legas ko Fatakwal su huce, su dawo su auri wata, bayan shekara goma ma a riƙa tsokanarsu da zancen suna dariya. Abubakar bai huce ba. A nan ya rabu da sauran samari, a nan kuma labarin ya tashi daga na soyayya ya koma na ciwon zuciya.

Ku dubi abin da ƙullacin ya ci masa. Ya ci garinsa, ya ci sana'arsa, ya ci ƙuruciyarsa. Shekarun da zai yi ya kafa gida ya haifi nasa 'ya'yan, a hanya ya ƙarar da su. Wannan ne amfanin doguwar tafiyar nan da na ce ta ɗan saki hanya: tana nuna mana tsadar da ya biya. Mai hankali in ya sha wahalar farko sai ya tsaya ya tambayi kansa, shin wannan abu ya kai haka? Shi kuwa mai ƙullaci, duk ƙayar da ta soke shi, a kan abokin gabarsa yake rubuta ta. Wahalar ba ta sanyaya shi, ƙara masa bashin da yake bi take yi. Yana nisa, komawa na ƙara yi masa wuya, domin in ya juya, to duk abin da ya sha ya tashi a banza ke nan.

Sannan ku dubi wanda ya zaɓa. Wannan ne wurin da ya fi ba ni tsoro a duk littafin. Mai fushi na gaskiya, wanda zuciya ta ɗebe shi, Malam Shehu zai tare ya yi masa rotse, ko ya cinna wa rumbunsa wuta. Abubakar bai yi haka ba. Ya zauna ya yi lissafi: don me aka ƙwace mini Zainabu? Don ɗa. To, ɗan zan lalata, ya zama abin da aka fi so shi ne abin da za a fi kuka da shi. Wannan ba zafin zuciya ba ne, mugunta ce da aka dafa a hankali har ta nuna. Yaron da aka nufa kuwa ko cikinsa ba a yi ba ranar da aka yi laifin. Hausawa na cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, amma ba su ce a rama a kan wanda bai ji ba bai gani ba, kuma addini ya hana a kama wani da laifin wani.

Shi ma Malam Shehu kada a yi masa karatun gaggawa. Ba azzalumin tatsuniya ba ne. Wanda bai zauna da mai neman haihuwa ba bai san wannan ciwo ba: gorin dangi, da habaicin kishiyoyin gari, da kallon dukiya ana tunanin wa zai gada. Mutum ne mai rauni wanda ya sami abin da zai saya wa rauninsa magani, bai tsaya ya duba wa zai taka ba. Gwanintar marubutan ita ce ba su ba mu farin mutum da baƙin mutum ba. Sun ba mu wanda aka zalunta ya koma babban azzalumi, da wanda ya yi zalunci ya koma abin tausayi.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Iyaye, ga taku ta zo.

A cikin labarin, asiri ne ya mayar da Kyauta ɓarawo. Haka aka rubuta, kuma ɗalibin da aka tambaya a jarrabawa haka zai amsa. Sihiri kuwa addini ya tabbatar da akwai shi, ya kuma haramta shi. Amma mai nazari yana da damar ya yi wata tambaya: in aka zare asirin daga labarin, zai tsaya ko zai faɗi? Ɗa ɗaya tilo, na attajiri, wanda aka yi shekaru ana jira, aka same shi bayan an fid da rai. Wa zai tsawata masa? Wa zai iya ɗaga masa murya a gaban ubansa? Ni a ganina ko babu boka, rabin aikin Abubakar an riga an yi masa shi a cikin gidan Malam Shehu.

Ba mu ga irinsa ba? Yaro ɗan shekara bakwai ya zari ƙwai a akurkin maƙwabta. Matar gidan ta shigo da sallama, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, “Maman wane, don Allah a ja masa kunne.” Uwa ta miƙe, ta cire ɗankwali ta ɗaure a ƙugu, ta ce ɗanta ba ɓarawo ba ne, baƙin ciki ake yi mata don Allah Ya ba ta namiji. Yaron yana laɓe a bayan ƙyaure, ƙwan na cikin aljihunsa, yana ji. Ya koyi darasi a ranar, kuma ba zai manta ba. Bayan shekara goma aka kama shi da wayar wani a kasuwa, matasa suka rufe shi da duka. Uwar na kuka tana cewa an yi masa asiri, maƙiya ne suka sa masa hannu. Daga nan kuma sai a fara nuna gidan wata ko wani, sabuwar gaba ta tashi a kan zato. Ka so naka duniya ta ƙi shi.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a sani. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wata larura da ke sa mutum ya riƙa ɗaukar abin da ba ya ma bukata, ya kasa hana kansa, bayan ya ɗauka kuma nadama ta rufe shi. Ba ta da yawa, kuma akasarin sata ba ita ba ce. Amma in aka ga alamarta, ko aka ga shaye-shaye ya shiga cikin lamarin, akwai asibitin Dawanau a Kano, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A haɗa da addu'a, a kai yaro a duba shi, maimakon a ƙarar da kuɗin taki a gidan boka.

Zainabu fa? Ita ce aka yi rikicin a kanta, ita ta haifi wanda aka lalata, ita ta rasa miji a hannun ɗanta. Babu wanda ya kai ta asara. Amma marubutan ba su buɗe mana zuciyarta kamar yadda suka buɗe ta Abubakar ba. Maza biyu ne suka rubuta littafin, a zamanin da ba a cika tambayar mace ra'ayinta ba. Wannan giɓi ne na gaske, kuma ina fata wata daga cikin 'yan matanmu masu rubutu, ko a Rano ko a Kibiya, za ta zauna wata rana ta ba mu irin wannan labari daga bakin uwar.

Yanzu jigo. Ɗalibai da yawa in aka tambaye su jigon Jiki Magayi sai su rubuta soyayya, wasu su ce auren dole. Ga yadda za ku gane babban jigo: ku cire shi ku gani ko labarin zai rayu. Soyayyar Abubakar da Zainabu ta ƙare tun kashin farko, labari bai tsaya ba. Abin da ya ɗauke shi daga nan har ƙarshe shi ne ramuwa da abin da take haifarwa. Wannan ne babban jigo. Son zuciya, da ƙarfin dukiya a sha'anin aure, da sangarta 'ya'ya, da bin bokaye, da raɗaɗin rashin haihuwa, duk ƙananan jigogi ne da ke yi masa hidima. In kun zo warwarar jigo kuma, kada ku tsaya ga ambaton suna. Ku kawo abin da ya faru a labarin wanda ya tabbatar da maganarku.

To, wa ya kashe Malam Shehu? In kotu aka je, Kyauta za a tsayar, domin hannunsa ne. Amma mai nazari ba alƙali ba ne, yana da ikon komawa baya inda shari'a ba ta zuwa. Malam Shehu yana da kaso, shi ya fara taka wani, shi kuma ya kasa tanƙwara icce tun yana ɗanye. Waɗanda suka karɓi dukiya suka juya wa alkawari baya suna da nasu. Kyauta ma ban wanke shi tas ba, domin ya girma ya san daidai da rashin daidai. Amma ni kaso mafi nauyi a wuyan Abubakar na ɗora shi. Shi an cuce shi yana babba, da ƙarfinsa da hankalinsa, yana iya tashi ya sake rayuwa. Amma yaro ya samu, ya kashe masa rayuwa tun kafin ya fara ta. Kuna iya saɓa mini, kuma zan so in ji hujjarku.

Wanda ya gama wannan yana son wani mai zafi, ya nemi Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, shekara ɗaya da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Labarin Mailoma ne, a Nijeriyar bayan yaƙin basasa, da bindigogi da miyagun ƙwayoyi da zubar da jini. A karanta shi da tambaya iri ɗaya: me ya mayar da wannan mutum haka? Sai dai a kula da abu guda. An nuna Mailoma daga cikin Maguzawa ya fito, mu kuwa a nan kudancin Kano maƙwabtanmu ne, kasuwa ɗaya muke ci, mun san su da noma da riƙon amana. Tauraron labari mutum ɗaya ne, ba a auna al'umma da shi. Marubutan baya-bayan nan irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej su ma sun yi rubutu a kan miyagun laifuka da abubuwan tsoro. Har littattafan da mata ke saurare a waya suna tankaɗe ko suna tsifar kai, duk ana iya yi musu wannan awo: a jera al'amura a gwada “saboda haka”, a cire jigo a ga ko labari zai tsaya.

Roƙona ga malaman Hausa na makarantun Rano da Kibiya da Bunkure: kada a tsaya ga ba yara taƙaitaccen bayani su haddace. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya daɗe yana buga littafin nan, ana kuma samun sa wurin masu sayar da littattafai a Kano. Ko kwafi biyar aka samu, a raba aji gida biyar, a karanta da baki, sannan a kafa kotu a cikin aji: wasu su tsaya wa Abubakar, wasu su tsaya wa Malam Shehu, a ba wata yarinya ta yi magana da bakin Zainabu.

Ku kuma ɗalibai ga aikin gida. Ku karanta littafin har ƙarshe, ku rubuto mana shafi ɗaya a kan wannan tambaya: a wane wuri ne cikin labarin mutum ɗaya zai iya tsayar da wannan masifa da kalma ɗaya, kuma wane ne shi? Ku sa sunan makarantarku da garinku, za mu karanta amsoshin da suka fi ƙarfin hujja a shiri na gaba.